Sunan Da Aka Yanka Wa Rago

Ni na ɗinka sunan a bayan rigunan, ni kuma na farke shi da reza, saboda haka in ana zancen Taurarin Abatuwa ba na bari wani ya riga ni magana. Ƙarshen shekarun saba'in nake nufi, lokacin ina da shagon ɗinki a Gada Biyu, kuma ni ne kyaftin na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Abatuwa, a nan Jos. Baya nake tsarewa. Gudu ban iya ba, wannan na yarda, amma duk wanda ya wuce ni da ƙwallo sai ya nemi ruwan zafi in ya koma gida.

Akasarinmu 'ya'yan mahauta ne. Ni ne kawai na guje wa wuƙa na kama allura, kuma har yau 'yan'uwana ba su daina yi mini tsiya a kan haka ba. Filinmu yana bayan mayanka, a karkace yake, ga wani dutse a kusurwa guda wanda ya ci faratan mutane da yawa. Golanmu ɗan Birom ne, akawu a wani ofis, dogo, mai hannu kamar faifai. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ƙwallo ma "shi" yake ce mata, amma in ya ce "na kama shi" to ya kama ɗin.

Wanda ya saya mana ƙwallo ta farko baffana ne, ƙanin mahaifina, tsohon mahauci mai murya kamar ana kiran shanu daga tsallaken rafi. A lokacin kowace ƙungiya a Jos sunan Turanci take nema. Baffa ya ce shi ba zai zuba kuɗinsa a sunan da matarsa ba za ta iya faɗa ba. Ya ce Taurari, muka ce to. Sai kuma ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi wa tamaula a garin nan: ya kayar da rago, ya kira liman aka yi addu'a, aka raba goro, aka raɗa sunan kamar yadda ake raɗa wa jariri. Nama ya zaga unguwa, har gidan su golanmu an kai. Mutane suka yi ta dariya, wai Baffa ya haifi ƙwallo da tsufansa. Shi ko a jikinsa.

Cikin waɗanda aka aika wa cinya har da wani Alhaji mai motoci a tashar Laranto, tsohon abokin cinikin Baffa. Shi ne daga baya ya ga ƙwallo tana tara jama'a, ya kafa tasa ƙungiyar. Ba ƙaramin shiri ya yi ba. Ya ɗebo 'yan wasa daga nesa, ya ba su aikin mota da wurin kwana, ya saya musu takalma masu ƙusa alhali rabinmu da kambas muke bugawa. Duk wannan bai dame mu ba. Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne da muka ji ya sa musu suna Taurarin Laranto. Amma muka ce sama da faɗi take, ta ishi kowa.

Ashe shi bai ga ta ishe mu mu biyu ba.

Wata ranar Asabar da yamma muna atisaye, sakataren kwamitin gasar unguwanni ya iso a kan babur. Mutumin kirki ne, malamin makaranta, sai dai in ya riƙe doka ko da mabuɗi ba ka ɓamɓare ta daga hannunsa. Ya ce kwamiti ya fito da sabon tsari: kowace ƙungiya ta yi rajistar sunanta, wanda ya riga ya yi rajistar kalma kuwa ta zama tasa. Alhaji ya riga ya je, kuma ba Taurarin Laranto kawai ya yi wa rajista ba, kalmar Taurari ɗin kanta ya kama. Daga yanzu ba ƙungiyar da za ta rubuta ta a riga ko a kira ta da ita a lasifika sai tasa.

Na ce, "Malam, to na sama fa? Su ma sai sun nemi izini a Laranto kafin su fito?"

Ya ce, "Kyaftin, ni ba gardama ta kawo ni ba. Ko ku canza suna, ko ku zauna a gida bana."

Golanmu ya jefar da safar hannunsa ya ce, "Oga, wannan ba gaskiya ba ne fa. Sunan nan, shi namu ne tun kafin su ya zo."

Sakatare ya ɗaga kafaɗa, ya tayar da babur ya tafi.

Akwai wasu ƙananan ƙungiyoyi da abin ya shafa, ɗaya ma a Gada Biyu take kusa da shagona. Kafin mako ya zagayo duk sun sauya suna, ba wanda ya yi tari. Mu kuwa rigima ta shigo mana gida. Samari suna son buga gasar, shekara guda muna shiri dominta. Wani ya ce a koma 'Yan Wuƙa, wani ya ce Bajimai. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na fara auna yadda Bajimai zai zauna a bayan riga, don ya fi Taurarin Abatuwa gajarta kuma ba zai ci zare ba.

Baffa ya sa babbar riga ya ce in raka shi Laranto. Muka iske Alhaji a kan benci a bakin tasha, 'yan kamasho suna ta kiran fasinja. Aka gaisa sosai, har da tambayar iyali. Sannan Baffa ya ce, "Alhaji, ka ci naman sunan nan. Cinya na aika maka."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Na ci, Baba, kuma ragon ya yi mai. Amma takarda ba ta cin nama."

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba, musamman da yake cikin ladabi ya faɗa, har yana miƙo mana goro. Baffa ya karɓi goron ya sa a aljihu, muka juyo.

Da yamma ya tara mu a ƙofar gidansa. Ya ce sunan da aka zubar wa jini ba a canza shi, ko yaro ya girma ya ƙi sunansa sai dai ya haƙura. Wani daga cikinmu ya ce to ke nan mun fita daga gasar. Baffa ya juyo gare ni ya ce, "Kai, ka taɓa jin uwarka ta kira sunan yayanku na fari?"

Na ce, "A'a, Baffa, kunyarsa take ji."

"To sunan nasa ya ɓace?"

Na ce bai ɓace ba.

Ya ce, "Je ka cire rubutun. Ku shiga fili haka nan. In mai lasifika ya rasa abin cewa, ya ce 'yan Abatuwa, ai ba ƙarya ya yi ba. Amma sabon suna kam, sai bayan raina."

Sakatare ya juya maganar ya ga ba ta karya dokarsa ba, ya amince. Ni aka bari da aiki. Na kwaso rigunan na kai shago, na zauna da reza ina bin zaren da na zuba da hannuna. Farin zare ne a kan jan yadi, ɗinkin da na yi alfahari da shi, har masu wucewa kan tsaya su tambayi wanda ya yi. Raina ya ƙuna ƙwarai. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya leƙo ya ce, "Tela, yau kuma baya-baya ake ɗinkin?" Na ci gaba da farka. Da na gama, sai ga gurbin haruffan ya fito ja wur, don rana ta cinye launin sauran rigar. Wanda ya matso kusa zai iya karantawa, amma doka ba ta hana yadi koɗewa ba.

Haka muka shiga gasar ba suna. Muka ci wasanninmu na farko, mai lasifika yana ta in'ina duk lokacin da ya zo kanmu. Sai Allah ya haɗa mu da 'yan Laranto a wasan kusa da na ƙarshe, a filin wata makaranta. An yi ruwa da rana, irin ruwan Jos mai zuwa da sanyi, ƙasa ta yi santsi. Alhaji ya kwaso magoya baya a motocinsa, da ƙyalle mai faɗi an rubuta sunan ɓaro-ɓaro. Namu mutanen da ƙafa suka zo, wasu ko wanka ba su yi ba daga mayanka, tare da makaɗan kalangu na mahauta. Baffa ya kafa kujerarsa a bakin layi, ya lulluɓa da bargo.

Ana take wasa, shugaban 'yan ihun Laranto ya ɗaga hannu, jama'arsa suka haɗa baki suka ce, "Taurari!"

Daga gefenmu sai aka ji murya guda, wadda ko a cikin barci na san ta: "Na'am!"

Baffa ne. Bai tashi daga kujera ba, bai ma waiwaya ba. Ya amsa ne yadda mutum ke amsawa in an kira shi daga zaure. Dariya ta ɓarke a fili. 'Yan Laranto suka fusata, suka ƙara kira da ƙarfi, "Taurari!" Wannan karon Abatuwa gaba ɗaya ta amsa, maza da yara da masu tallar gyaɗa, kalangu ya bi bayansu yana faɗin na'am ɗin da bakinsa. Golanmu ya ɗaga dogayen hannuwansa sama ya yi ihu, "Na'am, oga, muna nan!"

Sakatare ya taho da sauri yana tsallake taɓo, ya durƙusa gaban Baffa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan fa zai jawo magana."

Baffa ya ce, "Malam, mun rubuta? Mun kira? Kiranmu aka yi. Ɗan halak in an kira sunansa ai sai ya amsa."

Sakatare ya koma teburinsa yana danne dariya.

Sun ƙara gwadawa kafin hutun rabin lokaci, kowane kira sai ya dawo musu da na'am wadda ta fi kiran ƙarfi. Daga nan suka daina. Da ɗan wasansu ya zura mana ƙwallo ta farko, sai suka yi tsalle suka rasa abin da za su faɗa, wasu suka ce "Alhaji! Alhaji!", wasu suka ce "'Yan tasha!" Ga ƙyalle a hannunsu, ga suna a bayan rigunan 'yan wasansu, amma bakinsu ya ƙi ɗauka.

Sun ci mu biyu da ɗaya, ba zan ɓoye ba. Suna da wani ɗan gaba siriri da aka kawo daga kudu, wanda na yi ta nema da ƙafa ban same shi ba har aka tashi. Su suka ɗauki kofin a shekarar, kuma sunansu aka zana a jikinsa. Kwamiti bai taɓa dawo mana da kalmar ba. Rigunanmu haka suka tsufa ba rubutu.

Sai dai abin da ya faru a filin nan ya bi su duk inda suka je. Ko ba da mu ake wasa ba, da an ce Taurari sai wani shaƙiyyi daga cikin 'yan kallo ya amsa da muryar Baffa, a kwashe da dariya. A hankali magoya bayansu suka haƙura da kiran, gari ya koma ce musu 'yan Alhaji. Mu kuwa ba wanda ya taɓa fasa kiranmu da abin da ya saba.

Bayan damina na je tashar Laranto karɓar yadin da aka aiko mini daga Kano. Ina ratsa tsakanin motoci, wani ɗan kamasho, yaron Alhaji ne kuwa na hannun dama, ya hango ni ya ɗaga murya: "Kyaftin ɗin Taurari! Ga kayanka nan a wannan motar!"

Sai da maganar ta fita ya tuna wanda ke zaune a bayansa. Alhaji yana kan bencinsa, da carbi a hannu. Yaron ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ni ma na tsaya, don a gidan mutum nake, kuma babba ne. Na dubi Alhaji.

Alhaji ya ja carbinsa, ya dube ni daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Kai tela, ana kiranka. Ba za ka amsa ba?"

Na gyara tsayuwa na amsa, yadda har direbobin da ke can ƙarshen tasha sai da suka waiwayo.