Ranar da ya ari hannuna

Shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isufu makanike, kuma har yau idan ƙaramin jirgin sama ya gitta ta saman Konni sai in kasa kunne. Ɗalibaina na lakwal sun saba: alli na hannuna, sai in tsaya cak har ƙarar ta ɓace. Suna tsammani sha'awar jirgi nake yi, alhali tsoro ne.

Aikinsa gyaran injin jirgin da ke feshin maganin fara a gonakin yankinmu, daga Konni har Illela. Ya sha yi mini bayanin sana'ar ina tsinkar zogale, kunne ɗaya gare shi ɗaya ga tukunya. Fistan na injin jirgi biyu-biyu suke zaune, wannan ya tura dama, wancan ya tura hagu. Idan ɗaya ya fi abokinsa nauyi, ko da kaɗan ne, inji zai riƙa rawa, rawar kuma tana cin ƙarfe a hankali har wata rana wani abu ya tsage a sama. Saboda haka duk lokacin da ya warware inji sai ya auna kowane fistan da sandar da ke riƙe da shi a sikeli, ya haɗa masu nauyi ɗaya. In an gama, a tare ƙafafun jirgi da katako, matuƙi ya tada inji ya ba shi wuta, shi kuma Malam ya zauna a gefensa ya ɗora tafin hannu a kan allon da ke gabansu yana jin motsin. In ya gyaɗa kai jirgi ya tashi. Ba wanda ya taɓa tambayarsa hujja.

Shekarar da fara ta sauko mana, hannunsa ya fara rawa. Ni na fara ganewa, daga yadda shayi ke zuba masa a riga. Likita ya ce ciwon jijiya ne, ana lallaɓa shi amma ba ya warkewa. Malam ya koma tafiya hannu cikin aljihu, abokan aikinsa na yi masa ba'a wai ya zama babban mutum.

A daidai lokacin injin jirgin yana warware a kan tebur. Gero ya fid da kai, ga labari kullum cewa fara ta matso Tajaye, garinsu. Danginsa suna zuwa a kan kabu-kabu, ba su ko zama, tambayarsu ɗaya: yaushe jirgi zai tashi?

Wata la'asar ya shigo da fistan ɗin a naɗe cikin tsumma, ya kore yara waje, ya ajiye sikelinsa a tabarma. Da ya ɗauki ƙananan duwatsun awo sai suka riƙa ƙara a yatsunsa. Ni da gishirin miya ma nake zuba shi da ka, ni ce na auna kayan cikin jirgin sama rannan. Ina ɗorawa, yana duban allura, yana cewa wannan da wancan su zauna tare. Gumi ya jiƙa mini zane.

Na ɗauka shi ke nan. Da safen ranar gwaji sai ya ce in ɗauko mayafi.

"Rabi, hannuna ba shi iya rarrabe rawar inji da tashi rawar. Ki ara mini naki."

"Malam, ni mi nis sani ga jirgi?"

"Ba sani nika so ba. Ki aza hannu, ki hwaɗi abin da kinka ji."

Matuƙin, Hamani, Bazabarme ne mai fara'a, yana da yara ƙanana a Doso. Malam ya ce masa madam na son ganin cikin jirgi. Ya yi dariya ya ba ni kujerar gefensa, Malam ya tsuguna a bayanmu. Aka tada inji. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana. Na ɗora hannu inda aka nuna mini, na rufe ido. Akwai rawa, babu shakka. Amma gwiwoyina ma rawa suke yi, haɓata na rawa, mayafina na rawa. Na danna tafin da ƙarfi, na ɗaga, na sauya hannu, duk ɗaya. Na dubi Hamani yana murmushi yana taɓa maɓallansa, na san cewa kalma ɗaya daga bakina za ta ɗaga bawan Allahn nan sama. Na kuma san cewa idan ban faɗe ta ba, asirin mijina ya tonu.

Aka kashe inji. Malam ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Mi kinka ji?"

"Na ji rawa. Amma wallahi ban san ko tawa ta ba."

Malam ya miƙe. Sannan ya sauka, ya zagaya wajen Hamani, ya fito da hannayensa biyu daga aljihu ya miƙa su a gaban kowa. Suka yi ta kaɗawa.

"Ka gani. Ban iya ce maka ka tashi. A kira wani daga Yamai."

Kafin makaniken Yamai ya iso, fara ta shiga Tajaye, ta bar wa yayan Malam kara tsaye a gona. Baƙon ya duba injin sama da ƙasa, ya gwada, ya ce lafiyarsa ƙalau, bai sauya ko ƙusa ɗaya ba. Awonmu daidai ne, rawar tawa ce. Malam bai sake taɓa inji ba, yayansa kuma ya yi wata da watanni bai taka gidanmu ba.

Yanzu an ce akwai wani ɗan akwati da ake maƙala wa inji, ya nuna rawar a gilashi. Ina tambayar kaina me zai ce da ya gan shi. Ina jin zai taɓe baki tukuna, don haka yake yi wa duk sabon abu, sannan ya nemi a koya masa. Ni dai da na ji labarin kuka na yi, don da akwatin ya zo da wuri da ya mutu da aikinsa a hannu.

Me ya rage nasa? Ba a sa sunansa a ko'ina ba, a Tajaye kuwa har gobe akwai masu tuna shi a matsayin wanda ya hana jirgi tashi. Ni abin da ya bar mini shi ne tsoron nan, kuma ban san ko in gode masa ba. A ciwonsa na ƙarshe ina ba shi kunu a baki, na kasa daurewa, na ce da na sani da na ce masa lafiya lau rannan.

"Da kin ce haka da na gyaɗa kai," in ji shi. "Da kuwa kullum Hamani yat tashi, ni da ke muna nan zaune muna saurare."

Hamani yana nan da ransa, ya bar tuƙi bara. Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya sa ya huta.