Mutumin Nagash Ya Dawo Gida

A tashar Wukro, inda motar Nagash take lodi, wani mutum yana zaune kan tsohuwar taya, ya rungume leda ɗaya a cinya. Ba zai wuce arba'in ba, amma gemunsa duk furfura. Silifan ƙafarsa wari da wari ne, kansa kuma an aske shi ƙwal. Duk mun san askin nan, na waɗanda aka kwaso daga hayin Bahar Maliya ne don ba su da takardar zama. Ina jin kiwo ya yi wa wani a can, domin duk akuyar da ta gifta sai ya bi ta da ido.

Tesfay direba ya leƙo ta taga. "A'a, Alhaji Nurhusen! Shekara shida, ko dabino babu?"

Mutumin bai yi dariya ba. Yana ta murza bakin ledar.

"Tesfay, da Sahabban Annabi suka gudo daga Makka, ina suka sami mafaka?"

"Nan mana. Ba ga kaburburansu a garinku Nagash ba?"

"Kakana ne yake share su har ya mutu. Wa ya tambayi Sahabban takarda?"

Tesfay ya sunkuyar da kai.

"Ɗan sandan da ya kama ni, na faɗa masa sunan garinmu, ina zaton zai ji kunya. Sai ya ce in maimaita, wai bai taɓa jin sunan ba."