Hannun Madam Balki

Madam Balki ta shekara ashirin tana koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, a unguwar Bobiel. Bara, tana rubutu a allo, alli ya suɓuce mata sau uku. Yara suka yi dariya, ita kuwa ta tsaya tana duban hannunta. Haka ciwon mahaifinta ya fara a Tawa: hannu ya soma fizga, tafiya ta lalace, daga baya magana ta sarƙe.

Mijinta Mansur ya kai ta wajen likitan jijiyoyi, aka gwada jininta. Likita ya ce ciwon gado ne, magani sai dai na rage wahala.

"'Yata Farida fa?" in ji Balki.

"Tana iya gadonsa, tana iya tsira. Rabi da rabi ne."

An riga an sa ranar auren Farida. A hanya Mansur ya ce a yi shiru sai bayan biki. Balki ta ƙi. Suna isa gida ta kira 'yarta ɗaki, ta faɗa mata kome.

Farida ta daɗe tana kallon hannayenta. Can ta ce, "Inna, ni zan gaya wa ango da bakina, kafin danginsa su ji."