Rigar Ankon da Ta Fi Ni Faɗi

Ranar wata Talata ina alwalar azahar, na zo juya zoben azurfar da ke yatsana don ruwa ya ratsa, sai ya ƙi motsi. Na goga sabulu, ya ƙi. Na danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na rufa wa kaina asiri, don na san abin da nake sha a ɓoye.

Lokacin shekarata guda da gama sakandare a Kankia, ina gida ina taya Inna sayar da kayan miya. Tun tasowata ni siririya ce. A makaranta tsinke suke kirana, in iska ta taso su ce a riƙe ni kar ta tafi da ni. Da aka sa bikin aminiyata a Kusada aka fitar da anko, wata cikin ƙawaye ta rubuta a rukuninmu na waya wai ni yadi biyu ya ishe ni, sauran in yi sadaka. Kowa ya turo dariya, har da ni. Washegari na je wurin tela na ce ya ƙara inci ukku a awona. Ya tambaye ni ko mu biyu ne za mu shiga rigar. Na ce ya dai ɗinka, kafin biki zan cika ta.

A waya na ga wani maganin ƙiba. Mai tallarsa takan fara da sallama da salati, ta rantse zuma ce da dabino da habbatussauda kawai, babu komai na Bature. A jikin robar har da rubutun Larabci. Na ce wadda ta kama sunan Allah haka ba za ta cuce ni ba. Direban motar Kano ya kawo mini cikin baƙar leda, na tura ƙasan akwatina. Sati ukku kumatuna suka fito, ci kamar gara. Inna har godiya take yi wa Bafulatanar da ke kawo mana nono, wai nononta ya karɓe ni. Goggo ta zo daga Kafinsoli ta ce kai, ɗiyar nan ta zama mutum. Jin haka na ƙara cokali.

Ranar da zoben ya ƙi fita, tsoro ya sa na juye sauran a masai, ina ganin shi ke nan na rabu da shi. Asabar, ranar bikin, na sa rigar, ta zauna cif. Ana cikin ɗaukar hoto da amarya jiri ya kwashe ni, na yi amai, na faɗi. Mata suka taru, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa baki ne, ana ta tofi. Matar yayana ce ta tsaya kai da fata sai an sa ni a mota. Daga asibitin garinmu aka wuce da ni Katsina.

Sau biyu likita na tambayata me nake sha, ina cewa babu. Sai da Inna ta riƙe hannuna ta ce in don kunyarta ne in faɗa, gara ta ji kunya da ta wanke gawata. Na nuna hoton robar a waya. Ya ce alamu sun nuna ƙwayar asibiti ce mai ƙarfi aka daka cikin zuma, irin wadda ba a sha sai da likita, ba a kuma yankewa lokaci guda. Kumburi ne na ɗauka ƙiba. Ya ce ƙodata yake ji wa tsoro. Zoben da ƙarfe aka yanke shi. Baba ya fitar da waken da ya ajiye na iri ya kai kasuwa don kuɗin asibiti, kuma abin nan har yau yana ci na.

Na nemi mai tallar a waya, ta toshe ni, ga shi har yanzu tana talla da salatinta. Ba ita kaɗai nake zargi ba. Ni na raina jikin da Allah ya ba ni, na bar dariyar mutum biyar ta auna ni. 'Yan uwana mata, rubutun Larabci a jikin roba ba shaida ba ne, rantsuwar mai talla ba gwaji ba ce. In kuma kin riga kin fara sha, kar ki zubar a ɓoye kamar ni. Ɗauki robar ki kai asibiti. Masu tsokana kuma ku sani, maganarku tana bin mutum har gaban madubi.

Kwana tara ina kwance. Rana ta goma da hantsi likita ya shigo da takardar gwaji, ya duba, ya sake dubawa, ya ce ƙoda ta tsira, sauran sai a hankali. Inna ta yi sujada a kan simintin nan ba ko tabarma. Da ta ɗago, ta shafa kumatuna masu kumburi ta ce a dawo mata da tsinkenta, ita haka ta haife ni.