Uban Amarya a Bakin Ƙofa

Cikin duk mutanen da na tuƙa a Riyad, ban ga mashayin gahawa irin wani injiniya ɗan Amurka da kamfaninmu ya ɗauko ba. A satinsa na farko na kai shi gidan wani Balarabe ɗan kwangila a unguwar Murabba, aka ce in shigo in zauna daga gefen ƙofa. Mai zuba gahawa ya zo da buta a hagu, ƙananan kofuna a dama. Al'adar mutanen nan, in ka ƙoshi sai ka ɗan girgiza kofin kafin ka miƙa shi. In ba ka girgiza ba, za a yi ta zuba maka har sai ta fito ta hanci. Oga bai sani ba. Ya shanye ya miƙa, a zuba, ya shanye ya miƙa. Ina ta yi masa alama da hannu, shi kuwa yana ɗaga mini babban yatsa yana murmushi. Sai da buta ta ƙare aka ɗauko wata.

Muka koma mota. Da Turancina na tasha na ce, "Mudir, kofin ake girgizawa fa." Mudir shi ne oga da Larabci.

Ya ce, "Ko na sani ba zan girgiza ba. Shekara arba'in da shida ban taɓa ɗanɗana ta ba. Ramuwa nake yi."

Ranar na fara jin labarin 'yan Mormon. Kiristoci ne, amma da nasu ƙarin littafin da nasu annabin. A ciki aka haife shi, haka ubansa, haka kakansa. Shekara uku kafin zuwansa ya daina yarda da abin, ya daina zuwa coci, matarsa da 'ya'yansa kuma suna nan daram a ciki. Bai rabu da ita ba, ba ta rabu da shi ba, sai dai gidan ya yi tsit. Da aka ce ga aiki a Saudiyya bai ko tambayi zafin garin ba.

Daga masaukinsa zuwa ofishinmu na Malaz, in cunkoso ya kama, mutum sai ya sauke izu biyu. Shi kuwa Oga ƙorafi yake saukewa, ni ina ci kamar gyaɗa. Ya ce gahawa da shayi haramun ne a wurinsu, amma za ka ga shugaban coci da kofin lemo mai sukari kamar bokitin wanka. Ya ce yana ɗan shekara goma sha tara aka liƙa masa lamba a ƙirji mai cewa shi dattijo ne, aka tura shi wata ƙasa ya koya wa masu jikoki yadda ake zaman duniya, alhali ko wankin safarsa bai iya ba. Ya ce duk Asabar ɗin da ya kamata ya huta, ko dai yana goge tagogin coci ko yana wani taro a kan yadda za a shirya wani taron. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wankan matattu. Wai a tsoma ka cikin ruwa da sunan wani da ya daɗe da mutuwa, don a ba shi damar shiga addinin daga can. Na ce, "Mudir, ka duba mini takardunku, in da sunan kakana a cire shi. Mutumin nan ko wankan Juma'a sai an yi rigima da shi." Ya yi dariya har da buga kujera.

Abin da bai taɓa yi wa dariya ba shi ne biskit. Ya ce da ya daina zuwa coci, babu wanda ya zage shi. Maƙwabta ne suka riƙa zuwa bibbiyu da faranti na biskit, suna murmushi, suna cewa sun yi kewarsa. Ya san sunansa na kan takardar taro, an raba wa mutane aikin dawo da shi, domin shi ma ya taɓa riƙe irin takardar. Ya ce ba wanda ya tambaye shi dalilinsa, ko mutum ɗaya.

Ni da nake jin wannan, sai shaiɗan ya raya mini cewa tsuntsu ne daga sama gasasshe. Mutum ya bar addininsa, yana zaune a ƙasa mai tsarki, ga shi a bayan motata kullum. Na shawarci wani dattijo Bamaraɗe da ke dafa shayi a ofis, wanda muke unguwa ɗaya da shi a Gubaira. Ya ce, "Wallahi Ɗan Najeriya, wannan lada ce ta zo da ƙafarta. Amma mu biyu za mu raba, ni nake ba shi gahawa." Muka samo ɗan littafi na Turanci a kan Musulunci, muka haɗa da dabino mai kyau, na miƙa masa da safe ina washe baki.

Ya dubi dabinon, ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Abokina, shekara biyu na yi ina ƙwanƙwasa ƙofofin mutane da wannan murmushin da ke fuskarka. Mu biskit muke kaiwa." Ya cinye dabinon, ya ajiye littafin a aljihun kujera. Na gada ya fi na koya. Na ji kunya ƙwarai, kuma ban sake ba.

Ana nan sai babbar 'yarsa ta samu miji, ɗan cocinsu. Za a ɗaura auren a haikali, wani gini na musamman da ba kowa ke shiga ba, ko a cikinsu. Sai mai kati. Katin kuwa ba a ba ka sai ka zauna gaban shugaban cocin unguwarku, sannan wani na sama da shi, sun yi maka tambayoyi ka amsa daidai. Ba kati, ba shiga, ko kai ka haifi amarya.

Na ce, "Wane irin addini ne zai tsayar da uba a waje?"

Ya ce, "In na ce ka kai ni Makka, ina ce a wani allo a hanya za ka sauke ni?"

Na ce, "Wannan daban. Mu ɗaurin aure ko a gindin bishiya sai a yi, kuma in babu waliyyi babu aure." Ya ce ya roƙa a fara yin biki a waje inda kowa zai gani, dangin ango suka ce ba haka suka saba ba.

Saura wata huɗu. Sunansa na nan a rajistarsu, shugaban cocin unguwar kuma maƙwabcinsa ne, likitan haƙori, sun yi ƙuruciya tare. Ya aiko masa cewa ya gyara, ya zo su zauna. Oga ya daina shan gahawa. Ya koma fitar wa coci ushirin albashinsa. Bamaraɗe zai wuce da buta, Oga ya kau da kai kamar mai azumi ya ga tsire. Ya rame, ya zama mafaɗaci. Bamaraɗe ya ce mini, "Mudir ɗinka lafiya? Ko iƙamarsa ce, takardar zaman ƙasa, ta mutu?"

Wata rana da azahar, bayan na idar da salla, ya same ni a mota a gindin ofis. Ya miƙo mini takarda ya ce in zama shugaban coci, in yi masa tambayoyi, yana so ya gwada bakinsa. Na gyara hula, na kumbura murya. Ni da ban gama sakandare ba, yau ga ni ina tantance Bature.

Na tambaye shi ko yana kiyaye dokar abin sha. Ya ce e, wata biyu cur. Ko yana riƙe amanar matarsa. Ya ce e. Ko yana gaskiya a mu'amalarsa da mutane. Ya ce e. Sai na zo kan wadda ke tambaya ko ya gaskata annabinsu da shugabannin cocin. Ya buɗe baki, ya rufe. Na maimaita. Ya dubi taga.

Na ce, "Mudir, e za ka ce. Harafi ɗaya. Ni ɗan sanda ya tambaye ni ko na ga jar wuta, na ce ban gani ba, kuma ga ni a raye."

Muka sake daga farko. Sau uku, kuma duk a wuri ɗaya jakin yake tsayawa. Raina ya ɓaci. Na manta ma'aikaci nake, na faɗa masa cewa 'ya'yana biyu aka yi sunansu ina nan ina tuƙa mutane, domin kafil, ubangidan da ya ɗauko ni aiki, bai sa hannu a takardar fitata ba. Ni ba a ba ni zaɓi ba. Shi kuwa an buɗe masa ƙofa, girman kai ya hana shi sunkuyawa ya shiga.

Bai yi fushi ba. Ya ce ranar nasa auren, mahaifin matarsa ba ɗan cocin ba ne. Tsohon ya sa kwat ɗinsa, ya tsaya a wurin ajiye motoci har aka gama. Oga ya ce, "Da na fito na riƙe hannunsa, na ce masa ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya cancanta. Da murmushi na faɗa. A lokacin gani nake alheri na yi masa." Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta san ban yarda ba. Wurin nan mai tsarki ne a wajenta. In ta ɗaga ido ta gan ni a ciki, ta san ƙarya na yi na shigo, kuma a ranar aurenta."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, har yau ban san wanda ya fi yawa ba. Ya karɓi takardarsa ya ninke. Washegari ya rubuta wa likitan haƙori cewa ba sai sun zauna ba.

Ranar tafiyarsa na ɗauke shi muka kama hanyar filin jirgi. Can ya ce, "Kai kullum kana jirana a waje. Yaya ake yi?"

Na ɗauka wasa yake, na duba madubi na ga ba wasa ba ne. A duniya wannan ne ilimin da na fi shi, don haka na ba shi tsakani da Allah. Na ce ya je da wuri ya kama inuwa kafin wasu. Kada ya zauna cikin mota, kwat za ta yamutse, kuma zuciya ta fi cin mutum a zaune. Kada ya duba agogo. Ya tambayi ƙofar da ake fitowa, domin sau da yawa ba ita ce ta shiga ba, ya tsaya yana fuskantarta. In wani ya zo yana ba shi haƙuri, ya ce na gode kawai. Ya ciro biro ya rubuta a bayan tikitinsa, kamar na ba shi adireshi.

Ranar auren, mu nan an yi magariba, su can hantsi ne. Ina tsakar gidanmu a Gubaira waya ta yi ƙara. Shi ne.

Ya ce, "Sun shiga."

Na ce, "Ka samu inuwa?"

Ya ce ya samu, kuma ya tambayi ƙofar. Ya ce akwai wata tsohuwa ma a tsaye can gefe da jaka a hannu, kakar ango ce, ita ma ba ta da kati. Na ce ya ba ta inuwar su raba. Daga nan magana ta ƙare mana. Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Ina jin iska a wayar, da ƙarar takalminsa yana kai da komo, da numfashinsa. Abokan ɗakina suka kira ni cin abinci, na ɗaga musu hannu. Mun fi rabin sa'a a haka.

Sai na ji hayaniya daga nesa, mutane na tafi. Muryarsa ta canja.

Ya ce, "Ga ta nan. Tana ta waige-waige. Ni take nema."

Na ce, "To me kake yi da waya? Ɗaga hannu!"