Abin da Ya Durƙusar da Nura a Cocin Sarakuna

Bungudu zuwa Gusau

Ana idar da sallar asuba na ɗauki jakata na fito, ɗan acaɓa yana jirana a ƙofar gida. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Autana Nura yana aiki a Landan, an kai masa kuɗin gaisuwar wata yarinya Hauwa'u a Tsafe, saura sa rana. Sai ga wani hoto yana yawo a wayoyin mutane: Nura cikin coci, gwiwa biyu a ƙasa, kai sunkuye, ga kyandirori suna ci a bayansa. Kafin mako ya zagayo har a gidan suna ana yi mini jaje da ido. Uban yarinya, Alhaji Mamman, ya aiko cewa a dakata da maganar aure.

Na kira yaron, ya ce, "Inna, aiki nake." Na ce wane irin aiki ake yi a durƙushe? Tun bara yake lallashina in zo, takardu suna hannu ina ƙi. Wannan karon ni na ce ya sayi tikiti.

A tashar Gusau na sami motar Kano. Direba ya kalli ƙullin kuka da daddawata ya ce, "Hajiya, wanga kaya bayan mota za shi." Na ce shi ya koma bayan motar in yana so. A cinyata suka yi tafiyar.

Tsafe

Mun wuce shingen sojoji, kowa yana jan carbi har muka shiga Tsafe. Na ce da direba ya tsaya su karya, ni zan leƙa gidan suruki. Na tarar da Alhaji a zaure yana shan koko.

"Hajiya, ba raini ba ne," in ji shi. "Ɗiyata nake tsoro wa."

"Ka kira shi a waya mana ka gan shi."

"Wayar da ta nuna mini shi a durƙushe ita za ta wanke shi? Ke dai ki gani da idonki. Kowa ya san ko ɗanki ne ba ki rufa masa."

Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ta tagar ɗaki na hango Hauwa'u, idanu sun kumbura. Direba yana ta danna oda kamar shi ya haife ni.

Kano da sararin sama

Funtua, Zariya, sai Kano da la'asar. Na kwana gidan 'yar ƙanwata, washegari aka kai ni filin jirgi. Mun sauya jirgi a Masar. Abincin da suka ba mu ko mai jego a kwanan farko ba za ta ƙoshi da shi ba. Na buɗe yajina na barbaɗa, Balaraben da ke gefena ya yi ta atishawa har muka sauka.

Landan

Nura ya tare ni da rigar sanyi. Kafin ya gama gaisuwa na kama haɓarsa na duba goshi ko tabon sallah yana nan. Ya ce, "Inna, mutane suna kallo." Na ce su kalla, su ma ai suna da 'ya'ya.

Da safe muka shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, muka ɓullo kusa da kogi. Ga ginin nan, dutse zalla, da hasumiya biyu a gaba. Ta gefe kuwa wasu ginshiƙai ne suka miƙo hannuwa ta sama suka tokare bango. Na ce, "Kai, wannan ai faɗuwa zai yi, ga shi an sa masa gwafa." Ya ce da gangan aka yi. Rufin dutse yana ture bango waje, gwafannin suna mayar da shi, shi ya sa aka iya huda bangon aka zuba tagogi. Na ce to haka muke yi wa katanga da damina, ba wanda ya taɓa biyan kuɗi ya kalla.

Da muka shiga na ɗaga kai sai da ɗankwalina ya zame. Rufin bakan gizo ne irin na soron kakanninmu, sai dai nasu yana da tsini a ka, kuma ya yi tsawon da ko giginya ba ta kai ba. Haƙarƙarin rufin sun taso daga ginshiƙai sun haɗu can sama. Wata taga zagayayya kamar faifai, da gilasai ja da shuɗi, tana zubo haske a jikin mutane. Nura ya ce kusan shekara dubu ke nan a nan ake naɗa sarakunan ƙasar. Wani sarki ne ya rushe tsohon gini ya tayar da wannan, don ya ga irinsa a Faransa ido ya rufe masa. Ya mutu bai gama ba, na baya suka yi ta ƙari. A da malaman coci marasa aure ne ke zaune a wurin, har wani sarki ya tashe su.

Ya nuna mini kujerar naɗin. Katako ne tsoho, yaran makaranta na da can sun bi sun sassaƙa sunayensu a jiki. Na ce ina iyayensu suke? Sai kabarin wasu sarauniyoyi biyu, uba ɗaya uwa daban, ɗaya ta taɓa kulle ɗaya, yanzu an haɗa su rami guda. Na ce wanda ya yanke wannan hukunci bai san 'yan uba ba.

A nan karatu ya jawo mini wahala. Sai da na haura hamsin na shiga makarantar manya a Gusau, tun daga lokacin ba na wuce rubutu ban haɗa baƙaƙensa ba. Na duba ƙasa, ga suna, ga shekaru biyu da layi a tsakani. Na matsa, ga wani.

"Nura, mene ne wannan nake takawa?"

"Kaburbura ne, Inna."

Na daka tsalle. Duk daɓen mutane ne! Turawa suna ta bi ta kai da takalmansu suna hira. Ni kuwa ban taɓa taka kabari ba, ba kuma zan fara a ƙasar wasu ba. Na tattare zani na bi jikin bango, ina ɗingishi daga dutse marar rubutu zuwa wani. Layi ya cushe a bayana. Wani dattijo mai jar riga, cikin masu kula da baƙi, ya zo a hankali ya miƙo mini hannu, wai ya ɗauka ƙafata ke ciwo. Na ce Nura ya gaya masa ƙafata lafiya lau, mutanensa nake tausayi. Ya yi dariya, ya shige gaba yana nuna mini inda zan taka. Allah ya saka masa.

Na ce a kai ni wurin da aka ɗauki hoton. Ga kyandirori, ga ginshiƙi. Na ce durƙusa. Ya durƙusa, ya nuna mini wata tsaga a gindin dutse, an manna mata ɗan abin awo. Kullum sai ya duba ko ta ƙara buɗewa. Hayaƙi da ruwa suna cin dutsen, su Nura kuma suna cire ruɓaɓɓe su sassaƙa sabo su sa.

Ni dai lokacin sallah nake jira. Da azahar ta yi muka shiga ɗakin ma'aikata. Wani ƙaton Bature yana cin burodi a kusurwa. Yana ganin Nura da ruwan alwala a fuska ya kwashe takalmansa da kofin shayi ya koma gefe, ko kai bai ɗaga ba, bakinsa bai daina tauna ba. Wannan ba yau ya fara matsawa ba. Na bi bayan ɗana na yi tawa, na daɗe a sujada.

Komawa ta Tsafe

Na yi mako biyu na juyo. Ban wuce gida ba sai da na sauka Tsafe, na zayyana wa Alhaji komai. Ya yi hamdala, sannan ya tsaya.

"Dakata, Hajiya. Tsagar bango yake dubawa? Ashe magini ne? Ni an ce mini injiniya!"

"Takardarsa ta injiniya ce. Aikinsa na gini."

"In ba ɗiyata mai yaɓe?"

Na gyara zama. "Alhaji, da ka ce arne ne, na je na dawo maka da shi Musulmi, yanzu kuma hannunsa ne bai yi maka ba? Ginin nan shekara ɗaruruwa ana gyaransa ba a gama ba, ba kuma za a gama ba. Nuna mini ma'aikaci ɗaya a Gusau da aikinsa ba ya ƙarewa."

Ya shafa gemu. Daga bayan labule uwar yarinya ta yi gyaran murya mai ƙarfi. Ya ce, "To, bayan girbi."

Na iso Bungudu ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa dattijon nan mai jar riga da ba zai taɓa karanta wannan ba. Har yau in aka tambayi Alhaji sana'ar surukinsa, cewa yake babban injiniyan sarakunan Ingila ne. Ni in aka tambaye ni, magini nake cewa. Shi ya sa ranar sa rana aka shimfiɗa mana tabarmi nesa da juna.