Hannun Baba Kwaɗo

Baba Kwaɗo da tsintsiya ya shigo ɗakin bincikenmu, shekara ashirin da bakwai kafin ni in shigo da digiri biyu. Daga shara aka ba shi wankin tankunan kwaɗi, daga nan ya koma ciyar da su. A haka ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu, sunan kuma ya bi shi har gida, jikoki ma da shi suke kiransa.

Ni kuwa ba na ɓoyewa, kishinsa nake yi. Hannunsa duk faso ne, amma in ya riƙe hantsaki ya duƙa kan madubin bincike, sai ya sule ƙwan kwaɗo bai fasa shi ba. Ni in na sule goma, bakwai sun zama kunu.

Aikin digirina na uku shi ne in nuna yadda tantanin da ke lulluɓe ƙwan yake samuwa tun ƙwan yana cikin uwa. Shekara biyu ina dubawa, kullum sai in tarar da shi ya riga ya kammala. Farfesa mai duba aikina ya ce in ban kawo komai ba nan da wata uku, a rufe maganar.

Wata safiya Baba ya tsaya a kaina da bokiti.

"Malama, waɗannan ƙananan da kike zubarwa fa?"

"Ba su nuna ba, Baba. Manya nake so."

"Ai manyan sun gama sa riga. In ɗinki kike son gani, tela za ki bi."

Ashe ni saboda tsoron fasawa nake zaɓen manya, ƙananan in watsar. Ya ɗauko ɗaya da ƙyar ido ke ganinsa, ya gyara mini shi. Da muka yanka muka duba, ga tantanin nan tsilli-tsilli, tsakanin ƙwan da ƙwayoyin halittar da ke kewaye da shi, bai haɗe ba tukuna. A ƙwai na gaba da shi a girma ya fara haɗewa, kamar yanar da ke kwanciya a kan madara.

Maimakon murna, sai na ji haushi. Mutumin da ko firamare bai gama ba!

Ranar kare aikin, wani baƙon farfesa ya tambaye ni yadda aka yi na yi tunanin komawa kan ƙananan ƙwai. Baba yana zaune can baya, ya sa sabuwar hula saboda ni. Na kalle shi, na kau da kai.

"Ni na lura da su, ranka ya daɗe," na ce.

Da aka ce na ci, Baba ne ya fara miƙewa. Ya yi ta tafi da hannuwan nan nasa, yana gaya wa na kusa da shi, "'Yata ce! 'Yata ce!"